Tsakanin Kare Da Kaza A Birnin Zariya

Duk wanda ya taɓa zama cikin birnin Zariya, watau cikin ganuwa, ya san yadda gidajenmu su ke. Katangar wannan ita ce katangar wancan, rariyar gidan wani a lungun wani ta ke zuba, in an yi tari a ɗakinka maƙwabci ya ce maka sannu. Daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, daga Ƙofar Kuyambana zuwa Ƙofar Bai, da wuya ka shiga gida ka rasa kaza tana tono a tsakar gida. Karnuka kuwa, ko da ya ke ba su kai kaji yawa ba, akwai su: na mafarauta, da na masu tsoron ɓarayi, da waɗanda ba su da ubangiji sai juji da bakin kududdufi. To, inda kare da kaza suka haɗa katanga, ba a daɗewa sai masu su sun haɗa baki. Abin ya taɓa faruwa a gidana, shi ya sa na ga ya kamata in ba masu karatu labari.

Daminar bara waccan ce, cikin watan Agusta, sa'ad da ruwa ke kwana yana zuba. Wani sashe na katangar da ke tsakanina da maƙwabcina ya zube, na ce bari a ɗauke ruwa tukuna in kira magina. Ran nan na dawo daga sallar asuba sai na ji uwargida tana salati. Cikin kajinta goma sha huɗu, shida na kwance, gashi ya watse ko'ina kamar an fasa matashi, ga sawun kare ɓaro-ɓaro cikin taɓo, ya nufi inda katanga ta zube.

Wani zai ce kaza shida mene ne abin tada hankali? Namiji ne kaɗai zai faɗi haka. A birnin nan kaza dukiyar mace ce. Da kuɗin ƙwai ta ke zubin adashi, da zakara ta ke fita kunyar baƙo, in yaro ya ce an ce ya zo da littafi ba sai ta jira mai gida ba. Ga shi kuma kaza ba ta samuwa dare ɗaya. Kwana 21 ta ke yi kan ƙwai kafin ta ƙyanƙyashe, ɗan tsako kuwa sai ya yi wajen wata shida kafin ya isa yin ƙwai, in shirwa da sanyi sun ƙyale shi. Saboda haka karen da ya kashe dakwalwa, aikin rabin shekara ya kashe.

Amma kafin mutum ya ɗaga murya, ya kamata ya tabbata kare ne, domin kowane maƙiyin kaza da irin aikinsa. Shirwa da shaho da rana su ke zuwa, 'yan tsaki su ke sura ɗaya ɗaya. Muzuru ya kan ɗauki guda ya tafi da ita inda zai ci a ɓoye. Ɓarawo ba ya barin ko gashi. Annoba kuwa, irin wadda likitoci ke kira Newcastle, wadda ke share akurki cikin hunturu, za ka ga kaji suna gyangyaɗi suna zawo suna murɗe wuya kafin su mutu, kuma ita ta fi kowane kare ɓarna. Kare shi ne mai kashe da yawa ya bar su nan, sau da yawa bai ci ko ɗaya ba, gudun kazar ne kawai ke zuga shi. Na san gidaje biyu da suka yi shekara ba sa gaisawa kan kare, daga baya aka kama mai laifin, ashe ƙafa biyu gare shi.

Da hantsi na yi sallama da maƙwabcin nan a zaurensa. Muka gaisa, na ce, "Malam, karen yaranka ya yi mana ɓarna jiya da dare." Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Malam, ai kare dabba ne, bai yi makaranta ba. Wa ya bar katanga a buɗe? Kuma kajin gidanka nawa suka cinye mana shanyar gero da kaka, ka taɓa jin bakinmu?" Na tashi raina a ɓace, amma da na zauna na yi tunani sai na ga maganarsa, duk da rashin daɗinta, da gaskiya a ciki. Mai kaza ya kan manta ita ma kazar ba ta san iyaka ba.

Kafin azahar na sami masu ba da shawara sun fi goma, bakinsu ɗaya: a sa wa karen guba cikin nama a huta. Wannan ita ce shawarar da aka fi bayarwa a birnin nan, ita ce kuma mafi muni. Naman da aka jefa a lungu ba ya zaɓen mai ci. Kyanwar wani ta ci, kajin mai gubar su tsattsagi saura, ungulu ta sauka kan mushen, ga kuma 'yan yara masu rarrafe a ƙofar gida. In ma karen ne kaɗai ya mutu, kowa a unguwa ya san wanda ya yi, daga ran nan kuwa ba sauran maganar kaza, gaba ce ta tashi, irin wadda a kan gadar wa jikoki. Kuma wanda da shi ke bin bashi, sai ya wayi gari shi a ke bi.

Wannan magana ta ƙarshe ba tawa ba ce. Da na rasa yadda zan yi, sai na tafi Unguwar Kona wurin wani dattijon malami da na yi karatu a zaurensa ina yaro. Na ce, "Allah gafarta Malam, me littafi ya ce game da kare da kaza?" Ya yi murmushi, ya sa aka ɗauko Risala ta Ibn Abi Zaid, mutumin Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya, wanda ya rasu a 996, littafin da kusan kowane almajirin fiƙihu a ƙasar Hausa ya bi ta kansa. Ya nuna mini cewa marubucin bai yarda a ajiye kare a gida ba sai don tsaron shuka, ko rakiyar dabbobi wurin kiwo, ko farauta ta neman abinci. Na ji daɗi, na ce to shi ke nan, na yi nasara. Malam ya ce in dakata. Masu sharhi sun kawo labari, wai shi Ibn Abi Zaid ɗin kansa, da katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro, kare ya ajiye. Da aka yi masa magana, ya nuna cewa da Imamu Malik ya riski irin zamaninsu, da zaki zai ajiye. Saboda haka malamai da yawa sun ba da dama a ajiye karen gadi in akwai bukata ta gaskiya. Kuma littafin nan dai ya ce wanda ya kashe karen da aka yi izinin ajiyewa, biyan ƙimarsa na kansa.

Sa'an nan ya bayyana mini ƙa'idar ɓarnar dabbobi. Abin da bisashe suka ɓata na shuka da dare, masu su ke biya, domin dare lokacin ɗaure dabba ne. Abin da suka ɓata da rana kuwa, galibi ba biya, domin rana lokacin tsare gona ne. Kaji da tantabaru, waɗanda tsare su ke da wuya, malamai sun yi saɓani a kansu. Amma kare mai cizo da ɓarna hukuncinsa daban. In an ajiye shi inda ya halatta, abin da ke ɗora wa mai shi biya shi ne a ce an riga an yi masa gargaɗi, ya sani, ya yi sakaci. Malam ya dube ni ya ce, "Kai da ka je zaurensa, wa ya ji abin da ka faɗa masa?" Na ce ba kowa. Ya ce, "To, ka yi hira ke nan, ba ka yi gargaɗi ba tukuna."

A ganina nan ne yawancinmu ke kuskure. Mu kan yi ta ƙunƙuni a cikin gida, mata su yi habaici ta kan katanga, yara su jefi kare, amma ba wanda zai ɗauki dattawa biyu ya je ya faɗi magana a fili gaban shaidu. Ga shi kuwa hanyar tana nan tun kaka da kakanni: mai unguwa, in ta gagara a je ga dagaci ko hakimi, in ta ƙi sai kotu. Dattawan da suka yi aikin akawu a zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, za su tuna yadda duba-gari ke shiga gida gida, kowa na shakkar a rubuta shi. Yau ba a shakkar kowa haka, amma zauren mai unguwa bai rufe ba, kuma ba a biyan ko kwabo a shiga.

Kafin in kai ƙara sai da na gyara nawa gefen, kada in je a ce mini mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na sa aka ta da katanga, aka yi mata yaɓe. Aka sa ƙarfe a bakin rariya, domin ta nan ƙananan karnuka ke kutsowa. Aka kewaye wa kaji wuri da waya mai ƙananan idanu, tsayinta ya kai kafaɗar mutum, aka binne gindinta wajen ƙafa guda cikin ƙasa, don kare in ya kasa tsallakewa tono ya ke yi. Akurki kuma aka yi masa ƙofar katako da sakata, aka ɗora wa wani yaro rufe shi kullum da magariba. Zana da darni suna kare ido ne kawai, kare da ya ɗanɗana kaza ba ya ganinsu.

Ranar da muka zauna gaban mai unguwa, ni da shi da liman da wani dattijo, na faɗi tawa ya faɗi tasa. Na lura maganar kaji ba ta dame shi ba ko kaɗan. Sai mai unguwa ya tambaye shi, "Karen nan naka, an taɓa yi masa allurar hauka?" Ya yi shiru. Mai unguwa ya ce, "Karen da ke kwana a juji yana faɗa da karnukan da ba wanda ya san inda suka fito, gobe in ya ciji jikanka fa?" Nan jikinsa ya yi sanyi, ya ce, "Ranka ya daɗe, ban yi wannan tunani ba."

Ni ma, in faɗi gaskiya, ban yi ba, ga shi kuwa ta fi maganar kaza nauyi nesa ba kusa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar haukan kare tana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma wajen huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Cutar ta kan yi wata biyu ko uku a jiki ba a sani ba, miki ya warke a manta, amma da zarar alamunta sun bayyana, kusan ba mai tashi. Alhali maganin rigakafinta ba sabo ba ne, tun 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro a Faransa allura ya tsira. Mu kuma mutanen Zazzau ba mu da uzuri. A Zariya aka fara kafa ma'aikatar likitan dabbobi a 1913, kafin a mai da ita Vom a 1924, inda a ke yin alluran dabbobi. Ga kuma asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, tafiyar da ba ta kai a yi guzuri ba. Ɗan kwikwiyo tun yana wata uku a ke yi masa allura, a riƙa maimaitawa. Masana sun ce in aka yi wa bakwai cikin goma na karnukan gari, cutar ba ta samun hanyar yawo.

Ina roƙon 'yan'uwana malaman makaranta su koya wa yara abu guda, ko da cikin darasin tsabta ne. In kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, sa'an nan a tafi asibiti ran nan, kada a tsaya shafa toka ko gashin karen. Karen kuma, in an san mai shi, a ɗaure shi a sa masa ido kwana goma, a gaya wa likitan dabbobi. Yaro ya kan ɓoye cizo don tsoron duka, saboda haka a gaya musu ba wanda za a doka.

Yadda tamu ta ƙare kuwa, liman ya ce tun da ba a yi gargaɗi a baya ba, katanga kuma sakacina ce, kada a yi maganar tilas, a yi sulhu. Maƙwabcina ya ɗauki biyan kaza uku, ni kuma na yafe uku a bakin geron da kajinmu suka ci. Ya yi alkawari gaban shaidu zai ɗaure karen daga magariba zuwa safe, aka aiki babban ɗansa ya kai shi Samaru. Ba zan ce mun zama aminai ba. Ya kan manta da ɗaurin wani lokaci, sai na tura yaro ya tuna masa, karnukan juji kuma har yanzu suna zuwa su shinshina waya su wuce. Uwargida ta mai da kajinta goma sha bakwai, har da irin Shika Brown ɗin nan da cibiyar binciken dabbobi ta Shika ta fitar, masu yawan ƙwai. Yanzu ƙarar da ta ke kawo mini ita ce, tun da aka tsare kaji ba sa fita tono, kuɗin dusa ya ninka, wai ni da na kawo shawarar waya ni zan riƙa biya.