Bayani Kan Sinadarin Boraks A Cikin Man Shafawa

Muna jan hankalin jama'a, musamman masu haɗa man shafawa a gida, game da sinadarin boraks. Aikinsa shi ne daidaita tsamin man don kada ya sauya, kuma yana sa ruwa da kakin zuma su haɗu. Lafiyayyar fata ba ta cika shansa ba. Haɗarin yana ga fata mai gyambo, ƙuna ko ƙurji, domin ta nan yake shiga jini, kuma jarirai sun fi cutuwa. Tun 2019 Tarayyar Turai ta hana sanya shi cikin kayan kwalliya. Saboda haka kada a shafa wa jariri, kuma a duba lambar NAFDAC kafin saye. Muna roƙon dagatai da masu unguwanni su sanar da jama'arsu.