Guzurin karen garke

Yau shirin namu a kan kare yake, kuma a kan abin da ke shiga cikinsa. Na san wani dattijo yana can bakin rediyo yana cewa, “Ikon Allah, mutane ba su gama ƙoshi ba, an koma zancen kare?” Baba, a yi mini haƙuri, a ba ni 'yan mintoci.

Duk wanda ya bar garin Dakoro ya nufi arewa, ya ratsa kwarin Tarka zuwa wajen Bermo da Gadabeji, ya san cewa kafin ya hango rugar Fulani ko zangon Buzaye, haushi ne ke fara tarbarsa. Tun 1961 doka ta shata iyakar noma a ƙasarmu, ta bar arewa ga masu kiwo, kuma a can dare na dila ne da ɓarawon dabbobi. Makiyayi ya kwanta, kare ne idonsa. A kudu kuwa, wajen Kornaka da Sabon Mashi, shi ke tsaron rumbu, shi ke bin samari farauta bayan an gama girbi. Malamanmu sun karantar da mu cewa shari'a ta yarda a riƙe kare don kiwo da gona da farauta, sun kuma ba mu labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. To wanda ka ajiye yana maka aiki, cinsa yana wuyanka.

Wannan siririn kare mai dogayen ƙafafu da muke gani bayan raƙuma, wanda Buzaye ke kira oska, Turawa sun sa masa sunan kwarin Azawak. An fara kai shi Turai a farkon shekarun 1970, kuma a 2019 babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta shigar da shi cikakken jerinta. A can ana saya masa abinci a cikin kwali, har mata na kunna tanda su gasa masa 'yan biskit masu siffar ƙashi. Asalin wannan sana'a ma abin dariya ne. Wajen 1860 wani Ba'amurke mai suna James Spratt ya ga karnuka a bakin tashar jiragen ruwa ta Ingila suna wawason busasshen biskit ɗin da matuƙa suka zubar, sai ya haɗa garin alkama da ganye da nama ya fara sayarwa. Wato daga ragowar guzurin matafiya abin ya samo tushe. Mu kuwa da muka gaji gumba da cuku da ƙuli-ƙuli, wa zai koya mana guzurin da ba ya lalacewa a hanya?

Me karenmu ke ci yau? Ƙanzon tukunya, ƙasarin da aka wanke hatsi, ɗan tsala idan shanu na da nono, sai abin da ya tsinta a bola. Kada a raina hatsin nan. A 2013 masana a jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin sun nuna cewa kare ya fi kakansa kyarkeci iya narkar da abinci mai gari, saboda dubban shekarun da ya yi yana cin ragowar tukunyar ɗan Adam. Gero da nono sun riƙe karnukan Azawak tun kaka da kakanni. Matsalar tana zuwa ne da bazara, lokacin da nono ya ja baya, rumbu ya yi ƙasa, garke ya kama doguwar tafiya neman ciyawa. A nan ne kare ke ramewa har ka ƙirga haƙarƙarinsa, ya fara bin mushe. Hausawa sun ce ba a kiwon kare ranar farauta.

Ga abin da uwargida ko yaron gida zai iya yi da abin da ke cikin gida. A samu dusar gero mai kyau kofi biyu, garin gero ko na dawa kofi ɗaya. A daka ƙuli-ƙuli kamar cikin tafin hannu, amma wanda ba a sa wa yaji ba, gishirinsa kuma kaɗan. In da hali, a karɓi tunkuza wajen mai matsar man gujiya kafin ta sa komai. A dafa kabewa ko dankali a murƙushe a zuba. In akwai ƙwai ɗaya, na kaza ko na zabo, a fasa. Sai a kwaɓa da tsala har ya yi tauri kamar ƙullin fura, a mulmula ƙanana, a danne su su yi faɗi kamar cuku, kada kaurinsu ya wuce ɗan yatsa.

Wajen gashi ake yin kuskure, ni ma na yi. Karon farko na ɗora kasko a kan wuta mai harshe, waje ya ƙone ƙurmus, ciki ɗanye, bayan kwana uku duk ya yi furfura. Garwashi ake so, wuta a hankali, ana juyawa, har sai ka ɓalla ɗaya ka ji ya yi ƙas. Wanda ke maƙwabtaka da mai gidan burodi, ya roƙe shi ya saka masa faranti bayan an kwashe burodin ƙarshe, lokacin da tanda ke hucewa. Daga nan a shanya a rana yini guda a kan faifai, inda kaji ba za su kai ba. Ranar Dakoro dai ba ta gaza kowa ba. In ya bushe sarai, a zuba a jakar tsumma ko ƙwarya, kada a ɗaure a leda, don leda na tara gumi. Da rani yana yin makonni. Da damina a yi kaɗan-kaɗan.

Likitocin dabbobi na cewa irin wannan lasa kada ta wuce kashi 10 cikin 100 na abincin kare a yini. Biyu ko uku sun isa, a ba shi lokacin da ya komo da tunkiyar da ta ɓace, ko ya amsa kira. Da haka mafarauta ke horar da kwikwiyo, sanda ba ta koya masa komai sai tsoro. Kuma busasshen abu yana kiran ruwa. A watan Afrilu da Mayu, zafi na haura digiri 40, kare kuwa ba ya gumi kamar mu, da lallage harshe yake shan iska. In an ja guga a rijiya don shanu, a tuna da shi.

Yanzu ga inda nake so a buɗe kunne, domin abin da muke ba kare da kyakkyawar niyya shi ke kashe shi. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna farfasa ƙwayoyin jininsa, ya yi laushi, fitsarinsa ya yi ja. Mu kuwa miyarmu ba ta rabuwa da albasar Galmi, don haka a ba shi tuwon, a bar miyar. Goro, da ganyen shayin da aka zubar bayan zagaye na uku, da kofi, da cakulan da yara ke sha, duk suna ɗauke da sinadarin da ke sa zuciyar kare bugu ba ƙaƙƙautawa. Sai hatsi ko gujiyar da ta yi ruma a gindin rumbu. Mukan ce ai ba za a zubar ba, a ba kare. Wannan furfurar tana fitar da dafin da ake kira afalatoksin, mai cin hanta, wuta ba ta kashe shi, kuma kare na cikin dabbobin da ba sa jure masa. A ƙarshen 2005 karnuka da dama sun mutu a Amurka saboda abincin kamfani da aka yi da masara mai irin wannan dafi.

Mahauta da masu layya, ku ma ga naku. Idan aka feɗe rago aka ga huhu ko hanta da ƙulli mai ruwa a ciki, al'adarmu ita ce a yanke a jefa wa kare. Ƙullin nan 'ya'yan tsutsa ne. Su girma a hanjin kare, ƙwansu ya fita da kashinsa, ya hau ciyawa, ya koma cikin tumaki, ya kuma iya shiga yaron da ya shafa kare bai wanke hannu ba, ya yi masa ƙulli a hanta bayan shekaru. Haka kan tunkiyar da ta mutu da ciwon juwa, wadda ke ta zagaye wuri ɗaya: kare ya ci ƙwaƙwalwarta, ciwon ya dawo garke. A binne su da zurfi ko a ƙone. Kayan ciki masu lafiya kuwa a tafasa su sosai, a yayyanka, har a cikin kwaɓin nan ana iya sa kaɗan, sai dai wanda aka sa wa nama a cinye shi cikin kwana biyu. Ƙashin da ya sha wuta ranar layya yana tsagewa kamar kara, yana iya huda hanji.

Abu na ƙarshe ba na tukunya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma ranar 28 ga Satumba ce aka ware don tunawa da shi. A kai kare ma'aikatar kiwo a yi masa allura. Wanda kare ya ciza, ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ya nufi likita a ranar, kada ya tsaya jiran ganin ko karen zai haukace.

A nan za mu dakata. Mai dusa ta jarraba kwaɓin nan a makon nan, ta aiko mana da labarin yadda ya kasance. Sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.