Ambaliya a Injamena: Yadda matan Atrone ke ɗanɗana kuɗarsu

Duk ɗan kasuwar da ke tsallako gadar Ngeli daga Kusuri ya san cewa matan da ke kasa kuɓewa, yakuwa da tumatir a kasuwar Atrone su ne ke raba kayansa gida-gida. Su karɓi gishiri, magi da sabulu bashi, su biya bayan sun sayar da kayan lambu. To, ruwa ya fara tsinka wannan tsohuwar amana.

Idan dai ba a manta ba, a watan Oktoban 2022 kogunan Shari da Logon sun cika sun batse, suka mamaye unguwannin Waliya da Tukura, har shugaba Mahamat Idriss Deby ya kafa dokar ta-ɓaci. A 2024 abin ya fi muni: mutane 576 suka rasu a faɗin ƙasar Cadi, kimanin miliyan 1.9 abin ya shafa, sannan gonaki fiye da hekta 400,000 suka nutse. Masana yanayi sun ce ɗumamar duniya na ƙara wa irin wannan ruwan sama ƙarfi, ta yadda yakan zubo lokaci guda kamar da bakin ƙwarya.

Lambunan bakin kogi ruwa ke fara cinyewa, su ne kuwa jarin mata da yawa. A Atrone, da ke gunduma ta 7, ko kogi bai iso ba, ruwan sama kan kwanta a lunguna makonni. Nan sauro ke hayayyafa. Zazzaɓin cizon sauro ga mai juna biyu ba wasa ba ne, yana janyo ƙarancin jini, ɓari, ko a haifi jariri ba nauyi. Masai kuma ya cika ya haɗu da rijiya, yara su kama gudawa, uwa ta rufe tebur ta koma jinya. Kuɗin adashen da za ta biya dillali da shi sai ya tafi kantin magani.

A ganina nan ne 'yan kasuwa kan yi kuskure. Su ɗauka macen ta cinye musu kuɗi, su yanke mata bashi, alhali ba ta da wani jarin da za ta sake tashi da shi. Idan ruwa ya janye, ƙasar da ya bari takan yi albarka, salak da tumatir su fito da sanyin Disamba. Wadda aka ɗaga wa ƙafa zuwa lokacin takan iya biya. Wadda aka kora kuwa, wani dillalin za ta kai wa cinikin.