Itacen da Ke Harbi Kamar Kunama

Ɗalibai da yawa sun san karara, sun kuma san yadda take hana mutum sukuni. To, a ƙasar Ostareliya akwai wani itace wanda ƙaiƙayin karara wasan yara ne a gabansa. Mutanen asali na ƙasar suna kiransa gimpi-gimpi, masana ilmin tsirrai kuwa suna ce masa Dendrocnide moroides. Ba dangin karara ba ne, gama ita cikin dangin wake take, shi kuwa cikin dangin da ake kira Urticaceae.

Yana tsirowa a kurmin jihar Kwinsland, musamman inda guguwa ta kayar da manyan itatuwa, rana ta sami hanyar shiga. Yawanci bai fi mita 3 ba. Ganyensa fāffaɗa ne, mai siffar zuciya, bakinsa kamar haƙoran zarto. In ka gan shi sai ka ce karammiski ne, kuma a nan haɗarin yake.

Abin da ke kama da laushi ɗin nan gashi ne ƙanana da suka rufe ganye da reshe. Kowane gashi yana da rami a ciki kamar allurar asibiti, bakinsa kuma na silika ne, wato sinadarin da ake yin gilashi da shi. Da ka taɓa, sai bakin ya karye, gashin ya shige fata ya zuba dafi. Fata takan rufe a kansa, shi ya sa zafin yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, yana tashi duk sa'ad da ruwan sanyi ya taɓa wurin. Busasshen ganye ma da aka ajiye shekaru yana harbi.

A shekarar 2020 masana a Jami'ar Kwinsland suka gano cewa ƙirar dafin ta yi kama da ta dafin gizo-gizo. Yana hana ƙofofin da ke jijiyoyin jin zafi rufewa, sai jijiya ta yi ta aika saƙo ba hutawa.

Wanda ya taɓa shi kada ya sosa, domin susa tana ƙara kakkarya gashin a cikin fata. Akan manna kakin cire gashi a wurin, a fizge.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, wata ƙaramar dabba mai kama da kangaru, da wasu ƙwari, suna cin ganyen nan lafiya lau.