Ga Shanu A Gobir, Amma Ina Gidan Madara?

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Isa zuwa Sabon Birni da kaka, lokacin da aka kwashe gero aka saki dabbobi cikin gonaki, zai ce babu inda ya fi nan cancantar a kafa gidan madara a Jihar Sakkwato. Ga Bokolo masu doro, ga Rahaji masu dogon ƙaho, ga kuma fadamun da gulaben Bunsuru da Gagare da na Maraɗi suke shayarwa kafin ruwansu ya bi Rima ya nufi Goronyo. Amma da manyan kamfanonin madara suka tashi neman wurin zama, ba su dubo nan ba. Kamfanin WAMCO mai madarar Peak ya kafa wuraren tara madara a ƙasar Iseyin ta Jihar Oyo, shi kuwa Arla ya buɗe gonarsa a Damau ta Jihar Kaduna cikin 2023.

Dalili na farko shi ne madara ba hatsi ba ce, ba ta jiran kasuwa. A irin zafinmu, in an tatsa da asuba, cikin sa'a uku ko huɗu ta fara tsami, sai fa in an sanyaya ta zuwa digiri 4. Sanyi kuwa sai da lantarki mai ɗorewa, kai ta gari kuma sai da hanya mai kyau. Daga Sabon Birni zuwa Sakkwato ya haura kilomita 100, kuma kafin a kai ga kwalta sai an fara ratso jigawa daga ruga. Saboda haka mai jari ba yawan shanu yake fara ƙirgawa ba, nisan ruga da titi yake aunawa.

Matan Fulani sun daɗe da gano maganin wannan matsala ba tare da inji ba. Su kan bar madara ta kwana ta zama kindirmo, su kaɗa su fitar da mai, su kai nono kasuwa a ƙwarya a dama da fura. Nan ne masu tsara shirye-shirye a ofis su kan yi tuntuɓe, domin a ruga madara hakkin mace ce, da kuɗinta take sayen gishiri da sabulu da kayan ɗakin 'yarta. Kamfanin da bai biya ta fiye da abin da take samu a ƙwarya ba, ba zai ga ko ludayi ɗaya ba, komai yarjejeniyar da ya ƙulla da maigida.

Sai kuma batun rani. Saniyar gida takan ba da lita ɗaya ko biyu a yini bayan maraƙi ya sha, kuma da ciyawa ta ƙare garke ya kan yi kudu neman kiwo, alhali inji yana son madara wata goma sha biyu. Dokar keɓe makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 an yi ta ne don makiyayi ya sami wurin zama, amma noma ya cinye burtali da makiyaya da dama. Shanun Turai masu yawan nono kuwa, waɗanda suka ji daɗin sanyin Vom, ba sa jure zafin watan Afrilu a Gobir, inda ya kan wuce digiri 40.

Duk waɗannan ana iya shawo kansu da kuɗi da dabara. Abin da ya fi ƙarfin mai jari shi ne rashin tsaro. A watan Mayu na 2020 'yan bindiga sun kashe mutane fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni. A Disamba ta 2021 aka ƙone motar matafiya da mutane a ciki a kan hanyar wannan yanki, sa'an nan a Agusta ta 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Motar madara dole ta bi hanya ɗaya a lokaci ɗaya kowace safiya, garken da aka tsugunar wuri guda kuma shi ne ya fi sauƙin kora.

A ƙasar Indiya, manoman Anand sun kafa ƙungiyar gama kai cikin 1946, daga 1970 kuma aka yaɗa tsarin a ƙasa baki ɗaya: ana tara madara a ƙauye safe da yamma, a auna, a biya mai ita. A ganina irin wannan, da ƙananan injunan sanyi masu aiki da hasken rana, ya fi dacewa da Isa da Sabon Birni bisa ga katafariyar gona, kuma aiki ne da ke gaban Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya da aka kafa cikin 2024. Sai dai a tuna, Maraɗi ta fi Sakkwato kusa da Sabon Birni, ita ce kasuwar da ta fi dacewa da madarar yankin, amma an rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa cikin Agusta 2023.