Kafin Yara Su Shigo Miki Da Kwikwiyo, Ki Tambayi Kwanakinsa

Wata ranar Asabar ina aikin yamma, wata uwa ta shigo riƙe da hannun ɗanta mai shekara shida. Ciwon bai taka kara ya karya ba, 'yan huji biyu ne a ɗan yatsa. Amma da na ji labarin sai jikina ya yi sanyi. Yayansa ne ya samo kwikwiyo a gidan abokinsa, ya kawo shi cikin kwali, bai fi mako uku da haihuwa ba. Suka riƙa ba shi madarar gari. Ya yi ta kuka dare da rana, ya kama zawo, yaron ya sa masa yatsa a baki yana lallashi, ya cije shi. Bayan kwana biyu kwikwiyon ya mutu.

Da yana raye, da an killace shi kwana 10 ana lura da shi. To ya mutu, kuma babu wanda ya san ko an taɓa yi wa uwarsa rigakafi. Dole yaron ya fara allurar haukar kare, dole uwar ta nemo kuɗin da ba ta shirya ba. Duk daga rashin tambaya ɗaya: kwanansa nawa?

Gidaje da yawa a wajenmu ana ajiye kare don gadi, ko gona, ko kiwo, ko farauta. Sau da yawa kuma ba mu iyaye mata ke zaɓo shi ba, sai dai mu gan shi a tsakar gida. Amma ɗawainiyar mu take faɗo wa, shi ya sa ya kamata mu san ƙa'idar. Likitocin dabbobi sun yi ittifaƙi a kai: kada a raba kwikwiyo da uwarsa sai ya cika mako takwas. Masu ƙananan jiki ma akan bar su zuwa mako 10 ko 12. A Ingila doka ce, laifi ne mai sana'ar kiwon karnuka ya sayar da wanda bai kai mako takwas ba.

Me yake samu a waɗannan makonni?

Ana haihuwar kwikwiyo ido a rufe, kunne a toshe. Sai tsakanin kwana 10 zuwa 14 idon ke buɗewa. A wannan lokaci jikinsa ba ya iya riƙe ɗumi da kansa, sai ya raɓi uwarsa da 'yan uwansa. Ko fitsari da kashi ba ya iyawa sai uwar ta lashe masa ciki, har zuwa wajen mako uku. Dakashin da ya sha a ranar farko shi ne garkuwarsa daga cututtuka kafin lokacin allura, kamar dai yadda muke yi wa masu jego nasiha kada su zubar da nonon farko.

Daga mako uku zuwa huɗu haƙora ke fitowa, ya fara lasar abinci mai ruwa-ruwa. A nan ne mutane ke kuskure. Da sun ga ya sa baki a kwano sai su ce ai ya isa rabuwa. Wannan farkon yaye ne kawai. Uwar ce ke janye nono a hankali, ba ya kammala sai wajen mako shida zuwa takwas. Madarar shanu ko ta gari ba ta maye gurbin nonon uwarsa, domin nonon karya ya fi ta maiƙo da sinadarin gina jiki, ita kuwa madarar sukarin da ke cikinta ya yi wa cikinsa yawa. Sai zawo, sai bushewar jiki, wani lokaci sai mutuwa.

Abin da ya fi shafar 'ya'yanmu kuwa shi ne tarbiyya. Makonnin ƙarshen nan su ne makarantarsa. Idan yana wasa ya ciji ɗan uwansa da ƙarfi, wancan zai yi ƙara ya bar wasan. Idan ya matsa wa uwar, ta yi masa gurnani. Da haka yake gane iyakar haƙorinsa. A wani bincike da aka yi a Italiya aka buga a 2011, an kwatanta karnuka 70 da aka raba da iyayensu suna da kwana 30 zuwa 40, da wasu 70 da aka bari sai da suka yi wata biyu. Waɗanda aka raba da wuri sun fi tsoro, sun fi yawan haushi, sun fi ɓarna, sun fi rowar abinci. Kare matsoraci mai gadin kwanonsa, a gidan da ake da mai rarrafe, ba sai na faɗa miki sauran ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a nan uwar ce ke fara tanƙwarawar.

To idan yara sun dage, ga abin da za ki yi:

Ki sa babba ya je ya ga kwikwiyon tare da uwarsa. A tambayi ranar haihuwa, a tambayi ko an yi wa uwar rigakafin hauka. Mai mako takwas yana gudu sosai, haƙoransa sun fito, yana cin abinci da kansa, idonsa tas babu kwantsa. Wanda ke tangaɗi yana neman abin tsotsa, a mayar da shi. Idan kuna so, ku kama shi da baki, ku dawo ɗauka idan lokaci ya yi.

Da ya iso gida, a kai shi wajen likitan dabbobi. Allurar farko tsakanin mako shida zuwa takwas ake yin ta, ta hauka kuma idan ya kai wata uku. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa allurar hauka ta karnuka, don haka ba abin da sai an je ƙetare ba ne. A ba shi maganin tsutsa, domin tsutsar cikin kwikwiyo na shiga yaran da ke wasa da ƙasa su sa hannu a baki. A ware masa wurin kwana da kwanonsa, a kwashe kashinsa kullum, yara su wanke hannu da sabulu. Kada a ba shi sauran miya mai albasa ko tafarnuwa, da cakulan, da dafaffen ƙashin kaza.

Idan uwar ce ta mutu, wannan lalura ce. A bar 'yan kwikwiyon tare wuri ɗaya mai ɗumi har su kai mako takwas, a nemi likita ya faɗi madarar da ta dace.

Idan kuwa ya ciji yaro ko ya yage shi, kada ki ce ai ɗan ƙarami ne. Kwikwiyo ma na ɗauke da hauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, ki tafi asibiti a ranar. Da zarar alamun cutar sun bayyana, kusan babu mai tashi.

Yaron nan ya gama allurarsa lafiya. Ranar ta ƙarshe ya tambaye ni ko zai iya samo wani kwikwiyon. Kafin in buɗe baki mahaifiyarsa ta ce, "Sai uwarsa ta yaye shi da kanta."

Ke fa 'yar uwa, an taɓa kawo miki irin wannan baƙon? Yaya kuka ƙare?