Me ya sa ƙ da ɗ ke komawa akwati bayan sabunta kwamfuta?

Masu buga takardu a Aguié, Gazawa da Gidan Rumji sun san wannan ciwon kai: an sabunta kwamfuta, sai katin biki ko littafin yaƙi da jahilci ya fito da ƴan akwatuna a gurbin ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Rubutun na nan lafiya. Salon haruffan da aka yi aikin da shi ne ya ɓace, wanda ya maye gurbinsa kuma bai da haruffa masu lanƙwasa.

Maganin kyauta ne: a saka salo mai bin tsarin Unicode wanda ke da waɗannan haruffa, kamar Charis SIL ko Andika. Kafin a kai maɗaba'a kuma, a mayar da aikin PDF, don haruffan su tafi tare da shi.